Raunin da ba a rubuta ba, sindika ba ta iya kai ƙararsa

Ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki a nan Damagaram, abu na farko da yake ɓoyewa idan ya zo likita shi ne inda abin ya same shi. Ka tambaye shi yaya aka yi, sai ya ce tsautsayi ne, ko ya ce a gida ya faɗi, alhali ga siminti a ƙarƙashin farcensa, ga kuma wanda ya rako shi sanye da rigar aiki irin tasa. Mu da muke wanke ciwo muna ɗinkewa mun san dalili. Yana tsoron kada uban gidansa ya ji an ambaci wurin, gobe a ce masa ya je ya huta sai an neme shi. Tsoron ba na banza ba ne. Sai dai wannan ɓoyon na minti ɗaya shi ne yake cinye masa haƙƙinsa, kuma ya bar injin da ya yanke shi yana nan yana jiran na gaba.

Ƴan uwa ma'aikata, ku fara da sanin abin da doka ta ba ku. Kundin dokar aiki ta Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar waɗanda suke yi masa aiki. Ba alheri ba ne yake yi muku idan ya sayo hular kwano da safar hannu, wajibinsa ne. Dokar ta ce duk wurin da ma'aikata suka kai goma, a kafa kwamitin kula da tsaro da lafiya, wanda wakilan ma'aikata suke zaune a ciki. Wakilin ma'aikata kuwa, wanda muke ce wa delege, ba a korarsa haka kawai don ya buɗe baki, sai an nemi izinin sufeton aiki. An yi wannan kariya ne don ya iya faɗar abin da sauran suke tsoron faɗa.

Idan hatsari ya auku, mai ba da aiki yana da awa 48 ya sanar da hukuma, wato ofishin sufeton aiki da asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, CNSS, wanda kowa ya fi sani da Kes. Hatsarin da ya same ka a kan hanyarka ta zuwa aiki ko ta komawa gida, shi ma ana lissafa shi cikin hatsarin aiki, abin da da yawa ba su sani ba. Ga wanda aka yi wa rajista, Kes ce take ɗaukar kuɗin magani, ta biya shi na kwanakin da ya yi a kwance, idan kuma ya nakasa ta yanka masa abin da zai riƙa karɓa. Idan rai ya yi halinsa, iyalinsa su karɓa. Kuɗin wannan fanni na hatsarin aiki mai ba da aiki ne kaɗai yake zubawa, ba a taɓa albashinka a kansa. Amma duk wannan a kan takarda yake tafiya. Takardar farko kuwa ita ce wadda likita ya rubuta ranar da aka kawo ka. Idan a ranar ka ce a gida ka faɗi, to haka za a rubuta, kuma bayan wata shida, lokacin da yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ba wanda zai iya canza ta.

Nan ne aikin sindika, wato ƙungiyar ƙwadago, yake farawa, kuma nan ne, a ganina, ƙungiyoyinmu suka fi rauni. Muna da manyan ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN, da CDTN, da CNT, kuma kowace ranar 1 ga Mayu ana yin jerin gwano a miƙa wa hukuma takardar koke-koke. Ba a raina abin da aka samu ta wannan hanya. Mafi ƙarancin albashi ya daɗe yana sefa 30,047, ya koma jaka 42 daga farkon 2024, bayan shekaru ana kai kuka. Batun albashi yana da sauƙin kaiwa gaban teburi saboda lissafinsa a fili yake: ga kuɗin buhun hatsi, ga kuɗin haya, ga abin da ake biya. Batun lafiya kuwa, sau da yawa layi ɗaya ne a ƙarshen takarda, a ce a inganta yanayin aiki. Wane yanayi, a wane wuri, mutum nawa ya shafa? Mai kamfani ba ya jin nauyin irin wannan magana. Amma delegen da ya shigo da littafi ya ce cikin wata uku mutum huɗu sun yanke a kan inji ɗaya, ga ranaku, ga sunaye, ga kwanakin da kowa ya yi bai zo aiki ba, wannan ba a sallamarsa da "za mu duba". Ko sufeton aiki ma, da yake su kaɗan ne kuma jihar tana da faɗi, daga Magaria har Tanut da Gure, ya fi saurin tashi idan an kai masa abu a rubuce.

Littafin da nake nufi ba wani abu ba ne mai tsada. Kaye ne na ƴan lakwal. A rubuta rana da lokaci, da wanda abin ya shafa, da aikin da yake yi, da abin da ya ji masa ciwo, da wanda ya gani. A rubuta har da wanda Allah ya kiyaye: bulon da ya faɗo daga sama bai sami kowa ba, wayar lantarkin da ta yi tartsatsi, tsanin da ya zame. Waɗannan su ne gargaɗin da ake samu kyauta.

Akwai wata ɗabi'a da nake so shugabannin sindika su sake dubawa, ita ce ta karɓar kuɗin haɗari a maimakon a kawar da haɗarin. A ƙara wa mutum jaka biyar a wata don yana shaƙar ƙura, kowa ya tafa, an ci nasara. Jaka biyar ɗin ba za ta sayi huhu ba. A karɓi kuɗin, haƙƙi ne, amma kada ya zama ƙarshen magana. Masana lafiyar ma'aikata suna da tsari a kan wannan: a fara da cire abin da yake cutarwa, ko a musanya shi da wanda bai kai shi illa ba, idan bai yiwu ba a yi masa shinge, a sa wa inji murfi, a buɗe wa hayaƙi hanya, sannan a gyara tsarin aikin, a rage awannin da mutum yake yi a wurin. Takunkumi da safar hannu su ne na ƙarshe, domin suna yagewa, ana mantawa da su, kuma a zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da awo yake wuce 40, ba kowa ne yake jure su ba. Zafin kansa ma abin tattaunawa ne: a fara aikin gini da sassafe, a ɗaga shi da tsakar rana, a tanadi inuwa da ruwan sha. A garin da ruwa yake da wuya kamar namu, randar ruwa a wurin gini abu ne da ya kamata a rubuta cikin yarjejeniya, kada a bar shi ga halin kirkin shugaban aiki.

Jini shi ne yake tayar da hankali, amma ba shi ne ya fi kisa ba. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya, OIT, ta ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 3 suke mutuwa kowace shekara saboda aikinsu. Daga ciki, kimanin 330,000 ne na hatsari, sauran miliyan 2.6 cututtuka ne masu cin mutum a hankali. Mai fasa dutse a Kara-Kara ko a bakin wani tsauni yana shaƙar ƙurar da ido ba ya gani, tana taruwa a huhu tana mayar da shi tabo. Sai bayan shekaru ya fara haki da tari. Wannan cuta ba ta warkewa, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Yayyafa wa dutse ruwa kafin a fasa yana rage ƙurar ƙwarai. Rawani ko takunkumin asibiti na yau da kullum ba sa tare ta, sai irin wanda aka rubuta wa FFP2. Mai walda da yake kallon wuta da tabarau na kwalliya, da rana lafiya lau, sai cikin dare ido ya kama zafi kamar an zuba yashi. Wanda yake wuni kusa da injin niƙa ko janareto, idan sai ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji, to ƙarar ta kai ta lalata kunne, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Majema suna fama da tsagewar hannu saboda toka da ruwan jima. Masu feshi a garaken Mirya da Matamai suna zuba magani da hannu, su ci goro ba su wanke ba. Duk waɗannan ba sa zuwa wurinmu suna cewa aiki ne ya ba su ciwo, mu ma ba kullum muke tambaya ba. Don haka idan kun zo, ku faɗi sana'arku tun ba a tambaye ku ba.

Wani zai ce, Malam, duk wannan na masu kwantaragi ne. Gaskiya ne wurare irin su matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ko kamfanin lantarki da na ruwa, ko asibitoci, su ne suke da sindika da rajistar Kes. Mafi yawan masu cin guminsu a Damagaram ba su da takarda ko ɗaya: ƴan dako a Kasuwar Dole, ƴan kabu-kabu, magina, kafintoci, yaran gareji, mata masu aikatau. Amma ba a ce ba su da ƙungiya ba. Kusan kowace sana'a tana da shugabanta, wasu har da sarauta, ana taro, ana adashi, ana haɗa gudummawar biki da ta rasuwa. Ƙungiyar da take iya tara kuɗin suna tana iya sayen gilashin walda na gaske guda biyar a riƙa karɓa-karɓa, tana iya hana a sa yaro ɗan shekara goma sha biyu a kan injin yanka katako, tana iya zuwa wurin magajin gari da murya ɗaya. A watan Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, mutum aƙalla 18 suka rasu, kuma matasanmu na nan suna tafiya irin waɗannan wurare har Jado. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago su daina jiran irin waɗannan mutane su zo ofis, su je su same su a inda suke.

Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu. Amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Uban gidan da ya cire murfin inji don aiki ya yi sauri, ranar da hannu ya tafi ba shi da bakin cewa haka Allah ya so.

Ga misalin abin da haɗin kai yake iya yi. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rushe a Bangaladash, ya kashe masu ɗinkin tufafi fiye da 1,100. Kwana ɗaya kafin nan an ga bango ya tsage, amma aka tilasta musu komawa ciki. Cikin ƴan makonni ƙungiyoyin ƙwadago na duniya suka sa manyan kamfanonin tufafi suka sa hannu a kan yarjejeniyar da kotu take iya tilasta aiki da ita, aka shiga binciken masana'antu ɗaya bayan ɗaya. A 2022 kuma OIT ta sanya lafiya da tsaro a wurin aiki cikin haƙƙoƙin asali na ma'aikaci, sahu ɗaya da ƴancin kafa ƙungiya da hana bautar da yara. Nijar tana cikin OIT, saboda haka delegen da ya ɗaga wannan magana ba fitina ya kawo ba.

Mu ma'aikatan lafiya ba mu tsira ba. Allurar da aka yi wa majinyaci tana soke mu, mu matse yatsa mu ci gaba da aiki, alhali maganin kariya daga cutar sida sai an fara shi cikin awa 72, kuma gara a fara tun a awannin farko. Masu shara a asibiti, waɗanda su ne suka fi taɓa sharar allurai, su ne aka fi mantawa da su wajen rigakafin ciwon hanta nau'in B.

Kafin a iso wurinmu, ga abin da nake roƙo. Ƙuna, a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ban da man goge baki, ban da baƙin mai, ban da ɗanyen ƙwai. Siminti ko ruwan batir a ido, a wanke da ruwa mai yawa aƙalla minti 15 kafin a kama hanya. Yanka mai zubar da jini, a danne da tsumma mai tsabta a ɗaga hannun sama, kada a zuba ƙasa ko man birki. Wanda ya faɗo daga sama yana kukan wuya ko baya, kada a naɗe shi a kan babur, a kwantar da shi a kan allo. Wanda ƙusa ta soka ya zo a duba rigakafin tetanos ko da ciwon ƙarami ne. Kuma wani daga cikin abokan aiki ya rako shi, ya faɗi gaskiyar inda abin ya faru, ya tabbatar an rubuta, a ɗauki hoton takardar a waya.

Ranar 28 ga Afrilu ce ranar lafiya da tsaro a wurin aiki ta duniya, kwana uku kafin 1 ga Mayu. Kowane reshe na sindika da kowace ƙungiyar sana'a ta zauna a ranar, a buɗe kayen nan, a zaɓi abu ɗaya da ya fi jikkata mutane a shekarar, a rubuta gyaran da ake so, da wanda zai yi, da ranar da za a dawo a duba. A ba mai wurin kwafi ɗaya, a kai wa sufeton aiki ɗaya, delege ya riƙe na uku.