An yi wa jama'a rigakafin korona, me ya sa dokar sa takunkumin fuska ba ta tashi nan take ba?

Ranar 13 ga Mayu 2021, hukumar CDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Amurka ta ce wanda ya kammala rigakafin korona zai iya shiga yawancin wurare ba takunkumi. Sharaɗin shi ne a cika mako biyu bayan allura ta biyu ta Pfizer ko Moderna, ko bayan allura ɗaya tilo ta Johnson & Johnson, domin sai a lokacin garkuwar jiki ke yin ƙwari.

Ba a cika wata uku ba, ranar 27 ga Yuli, hukumar ta dawo ta ce mai rigakafi ma ya sa takunkumi a cikin gine-ginen jama'a, a yankunan da cutar ke yaɗuwa sosai. Nau'in ƙwayar cutar korona da ake kira Delta ne ya jawo haka. Allurar na hana ciwo mai tsanani da mutuwa, amma wanda aka yi wa yana iya kamuwa, ya kuma shafa wa tsoho ko mai raunin garkuwa da ke kusa da shi.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne bambancin shawara da doka. Sanarwar Mayu shawara ce, ba ta soke umarnin kowace jiha ba. Asibiti da mai kanti na da damar gindaya nasu sharaɗi a harabarsu. Shi kuwa umarnin gwamnatin tarayya na sa takunkumi a jiragen sama, jiragen ƙasa, motocin haya da tashoshi ya hau kan kowa, da mai allura da marar allura, har zuwa 18 ga Afrilu 2022 da wata alƙaliya a Florida ta rushe shi. Katin rigakafi bai fid da kowa daga wannan ba, kuma hakan daidai ne, tunda iska ɗaya fasinjoji ke shaƙa.

In kuma za a sa, a sa shi yadda ya kamata. Takunkumi nau'in N95 na tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a iska, amma fa sai ya manne da fuska. Gemu na barin kafa a gefe, iska ta bi ta nan. A matse ƙarfen saman hanci, a rufe hanci da baki har haɓa. Idan ya jiƙe a sauya shi. Takunkumi mai 'yar ƙofar fitar da numfashi bai dace da cunkoso ba, domin numfashin mai shi na fita ba a tace ba.