Yadda ministocin Turai ke yanke hukunci tare kan shari'a da tsaron cikin gida

A ranar 22 ga Satumba, 2015, ministocin cikin gida na ƙasashen Tarayyar Turai suka zauna a Brussels kan batun raba masu neman mafaka 120,000 a tsakanin ƙasashensu, galibinsu waɗanda suka cunkushe a Italiya da Girka. Hungary da Slovakia da Romania da Jamhuriyar Czech suka ce ba da su ba, Finland kuma ta ƙi kaɗa ƙuri'a. Duk da haka shawarar ta zama doka, kuma ta hau kan waɗanda suka ƙi ta. Ta yaya ƙasa mai cin gashin kanta za ta ce a'a, sannan doka ta ɗaure ta?

Zaman da ya yi wannan aiki shi ne Majalisar Shari'a da Harkokin Cikin Gida, ɗaya daga cikin zama iri 10 da ministocin Tarayyar ke yi, kowanne da fanninsa. Ƙasashe 27 ke da kujera tun bayan ficewar Birtaniya a 2020. Sukan haɗu kusan duk bayan wata uku, yawanci kwana biyu: rana guda ta ministocin shari'a, rana guda ta ministocin cikin gida. A Brussels ake zama, sai dai in ya faɗo a Afrilu ko Yuni ko Oktoba, a koma Luxembourg. Shugabanci kuwa karɓa-karɓa ne, kowace ƙasa wata shida. Tsaron da ake nufi a nan na 'yan sanda ne da iyakoki da ta'addanci da biza da masu neman mafaka. Maganar soja tana wani zauren daban.

Kafin minista ya shigo, an riga an ci ƙarfin aikin. Hukumar Tarayyar Turai ce ke kawo daftarin doka, ko da yake a batun 'yan sanda da hukunta laifi kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasashen ma na iya kawo nasu. Daga nan ƙwararrun ma'aikatu su bi shi layi-layi, su miƙa wa kwamitin jakadu da ake kira Coreper. Abin da jakadu suka daidaita a kai, ministoci na amincewa da shi ba tare da muhawara ba. Wanda ya gagara shi ake kawo musu. Yawancin dokokin kuma sai Majalisar Dokokin Turai ta yarda kafin su tabbata.

Ƙuri'ar ita ce gundarin lamarin. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, to a nan yawa biyu ake ƙirgawa. Shawara ba ta wucewa sai ta samu kashi 55 cikin 100 na ƙasashe, wato 15 cikin 27, kuma jama'ar waɗannan ƙasashe su kai kashi 65 cikin 100 na al'ummar Tarayyar. Sharaɗin farko kariya ce ga ƙananan ƙasashe irin su Malta, na biyu kuma ga masu yawan jama'a irin su Jamus. Masu son tare hanya sai sun kai ƙasashe huɗu, jama'arsu kuma ta haura kashi 35. Dalilin huɗun a fili yake: Jamus da Faransa da Italiya kaɗai sun wuce wannan adadi, ba a so su uku su riƙa juya kowa. Wanda ya ƙi kaɗa ƙuri'a kuwa, a wannan lissafi daidai yake da wanda ya ce a'a.

Da ba haka abin yake ba. Lokacin da yarjejeniyar Maastricht ta fara aiki a 1993, kusan komai a wannan fanni sai kowa ya yarda. Yarjejeniyar Lisbon ta 2009 ce ta mayar da rinjaye ya zama ƙa'ida. An dai bar wasu wurare da ƙasa ɗaya za ta iya tsayar da komai, kamar dokar iyali da aikin 'yan sanda na haɗin gwiwa da shigar da sabuwar ƙasa yankin Schengen, inda ake ƙetare iyaka ba bincike. A Disamban 2022 Austriya ta hana Romania da Bulgaria shiga, Holan ma ta ƙi Bulgaria, alhali a zaman ne aka buɗe wa Croatia ƙofa. Ƙasashen biyu ba su shiga gaba ɗaya ba sai 1 ga Janairu, 2025. A dokar hukunta laifi kuma akwai birki: ƙasar da ta ga daftari zai taɓa ginshiƙin tsarin shari'arta tana iya cewa a kai maganar gaban shugabannin ƙasashe. Denmark ma tun farko ta cire kanta daga yawancin waɗannan dokoki, Ireland kuma sai wadda ta ga dama take shiga.

A koma kan 2015. Hungary da Slovakia suka kai ƙara Kotun Tarayyar Turai, kotu ta kori ƙarar a 2017. A 2020 ta sake yanke cewa Poland da Hungary da Czech sun karya doka da suka ƙi karɓar rabonsu. A takarda masu rinjaye sun yi nasara ta kowace fuska. Amma cikin jimillar mutum 160,000 da aka tsara rabawa a shekarar, har da waɗancan 120,000, kusan 35,000 kawai aka kwashe. A ganina nan ne raunin tsarin yake: ministoci na iya yin doka da ƙuri'a, amma 'yan sanda da ma'aikatan shige da fice da masaukin baƙi duk a hannun gwamnatocin ƙasashe suke. Shi ya sa mai shugabantar zama kan yi ta jan magana har a samu yardar kowa, ko da ƙuri'un da yake bukata sun cika.

Darasin ya fito a sabon tsarin ƙaura da ministocin suka daidaita a Luxembourg a Yunin 2023, aka tabbatar da shi a Mayun 2024. Poland da Hungary sun sake ƙi. Wannan karon ba a ce dole kowa ya karɓi mutane ba. Ƙasar da ba ta so tana iya biyan Yuro 20,000 kan kowane mutum, ko ta taimaka da ma'aikata da kayan aiki.

Hukuncin wannan majalisa yana isowa har layin masu neman biza a Afirka. Dokar biza ta ba ta ikon tsananta wa ƙasar da ake ganin ba ta ba da haɗin kai wajen karɓar 'yan ƙasarta da aka kora daga Turai. An yi wa Gambiya haka a 2021, sannan a 2022 aka ɗaga kuɗin bizar 'yan ƙasar zuwa Yuro 120. A Afrilun 2024 aka juya kan Habasha: an daina ba 'yan ƙasar bizar shiga sau da yawa, kuma wa'adin duba takardunsu ya tashi daga kwana 15 zuwa 45.