Waiwaye: Asalin Tsoron Maganin Ɗaukewar Al'ada

Muhawarar da ake yi a Gombe, a layin ganin likita da zaurukan WhatsApp na mata, kan ko maganin da ake bai wa macen da al'adarta ke shirin ɗaukewa yana jawo sankarar mama, ba jiya ta fara ba. Tun 1942 ake sayar da wannan magani a Amurka, wato istirojin, sinadarin da ke raguwa a jikin mace idan al'adarta ta zo ɗaukewa, a 1960 ƙwayar tazarar haihuwa ta fito, a 1975 kuma aka gano istirojin shi kaɗai yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa, sai aka riƙa haɗa shi da furojastin, wani sinadari mai kare mahaifa daga wannan haɗari.

Abin da ba a cika tunawa da shi a nan ba shi ne watan Yulin 2002, lokacin da aka dakatar da wani babban bincike a Amurka mai mata fiye da 16,000, saboda an ga ƙarin sankarar mama da daskarewar jini ga masu shan haɗin. Labarin ya ƙetaro teku, amma bayanansa sun maƙale a hanya. Matsakaicin shekarun matan 63 ne, wato yawancinsu sun daɗe da barin al'ada, ƙarin sankarar kuwa mata 8 ne cikin kowace 10,000 a shekara. Da aka sake tsefe alƙaluman daga baya, an ga cewa ga mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, amfanin maganin kan rinjayi haɗarinsa. Gyaran bai samu masu yaɗa shi kamar yadda tsoron ya samu ba.

Tsoron ya tarar da ƙasa jiƙaƙƙiya, domin kulawar mata a wurinmu ta ginu ne kan awo da haihuwa da tazara, har manyan ƙididdigar lafiya kan tsaya a shekara 49. Shi ya sa ake cuɗanya ƙwayar tazara da maganin ɗaukewar al'ada, alhali ƙwayar tazara ta fi ƙarfi kuma ba ta dace da mai hawan jini ba in tana da istirojin, maganin ɗaukewar al'ada kuwa ba ya hana ɗaukar ciki. Mace mai shekara 47 da zafin jiki da zufar dare suka hana barci, wadda kuma har yanzu tana iya ɗaukar ciki, sau da yawa amsar da take samu ita ce, "Hajiya, shekaru ne, sai haƙuri."