Nero a metà (kundin waƙoƙin Pino Daniele)

Nero a metà shi ne kundin waƙoƙi na uku na Pino Daniele, mawaƙi kuma makaɗin jita ɗan birnin Napoli da ke kudancin Italiya. Kamfanin EMI reshen Italiya ne ya fitar da shi a watan Maris na 1980, ranar 21 ga wata bisa abin da aka fi ambata. Yana ɗauke da waƙoƙi 12 waɗanda Daniele ya rubuta da kansa, yawancinsu da harshen Napoli, sauran kuma da Italiyanci tare da tsarma Turanci nan da can. A cikinsa ne ya haɗa buluz da jaz na baƙaƙen fatar Amurka da salon waƙar garinsu, ya kuma ƙara musu kiɗan gangunan Latin Amurka da amon jitar yankin Bahar Rum. Ma'anar sunan ita ce "rabinsa baƙi", wato kusan abin da Bahaushe ke kira ruwa biyu.

Asalin sunan

Ba a fahimtar sunan kundin sai an koma ga Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙarshen Satumba na 1943 mutanen Napoli suka yi wa sojojin Jamus bore na kwana huɗu, ranar 1 ga Oktoba kuma dakarun ƙawance suka shiga birnin, suka mai da tashar jiragen ruwansa mashigar sojoji da kayan yaƙi. A cikin sojojin Amurka da suka sauka akwai baƙaƙen fata masu yawa, garin kuwa yana cikin yunwa da kango. Bayan da ƙura ta lafa, sojojin suka koma ƙasarsu, suka bar mata da 'ya'yan da ba za su taɓa sanin ubanninsu ba, waɗanda aka riƙa kira 'ya'yan yaƙi. Tun a 1944 an riga an yi wata shahararriyar waƙa a garin, Tammurriata nera, a kan wata mata da ta haifi ɗa baƙi unguwa ta ɗauka da surutu.

Biyu daga cikin waɗannan yara, dukansu haifaffun 1945, su ne suka share wa Daniele hanya. Na farko shi ne Mario Musella, ɗan unguwar Piscinola, wanda mahaifinsa sojan Amurka ne daga 'yan asalin ƙasar na farko. Na biyu shi ne James Senese, mai busa saksafon ɗan unguwar Miano, wanda mahaifinsa baƙin soja ne daga jihar Karolina ta Arewa. Su biyun suka kafa ƙungiyar The Showmen, wadda ta kawo wa Italiya salon kiɗan baƙaƙen Amurka a ƙarshen shekarun 1960, har ta ci gasar waƙa ta Cantagiro a 1968. Musella ya rasu a 1979 yana da shekara 34, watanni kaɗan kafin fitowar kundin, shi ne kuma Daniele ya sadaukar wa aikin. Wasu masu sauraro suna ɗauka da Senese ake nufi, wasu kuma suna cewa Daniele kansa yake siffantawa, amma sadaukarwar ta Musella ce.

Wannan tarihi shi ne hujjar masu cewa buluz ɗin Daniele ba kwaikwayo ba ne, kuma hujjar tana da ƙarfi. Sojojin Amurka ba su bar Napoli gaba ɗaya ba, domin ƙungiyar NATO ta kafa hedkwata a unguwar Bagnoli, jiragen yaƙin Amurka kuma sun ci gaba da tsayawa a tashar. Matasan makaɗa suna samun fayafayan garmaho daga hannun matuƙan jiragen, da dare kuma su yi musu wasa a gidajen rawa na bakin tasha, inda wanda bai iya kiɗan da baƙin suka saba ji ba ba ya samun na cefane.

Mawaƙin

An haifi Giuseppe Daniele ranar 19 ga Maris 1955 a tsohon garin Napoli, shi ne babba cikin 'ya'ya shida na wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa. Saboda talaucin gidansu, wasu dattijai mata biyu ne suka riƙe shi a dandalin Santa Maria la Nova. Ya yi karatun akanta, jita kuwa shi ya koya wa kansa. A wajajen 1976 Senese ya ɗauke shi a ƙungiyarsa ta Napoli Centrale a matsayin mai kaɗa jitar bas, a nan ne ya ga yadda ake ɗora harshen talakawan gari a kan jaz ba tare da an tausasa shi ba. Kundinsa na farko, Terra mia, ya fito a 1977, na biyu mai ɗauke da sunansa kuma a 1979.

Kiɗa da waƙoƙin

Willy David ne ya shirya kundin. Gigi De Rienzo ya riƙe bas, Ernesto Vitolo fiyano da sauran allunan kiɗa, Agostino Marangolo ganguna, Senese saksafon, yayin da Rosario Jermano da Karl Potter, wani Ba'amurke mazaunin Italiya, suka kula da gangunan hannu.

Harshen Napoli ya taimaka wa wannan haɗi ƙwarai. Kalmomin Italiyanci suna ƙarewa da cikakken wasali, abin da ke sa su yi wa kiɗan buluz nauyi, amma mutanen Napoli suna haɗiye ƙarshen kalma, sai gaɓoɓin su gajarce su faɗa daidai kan bugun ganga. Sunan waƙar farko, I say i' sto ccà, ya isa misali: rabinsa Turanci, rabinsa harshen gari, ma'anarsa "na ce ina nan". A me me piace 'o blues, wato "ni dai buluz nake so", da Nun me scoccià, "kada ka dame ni", maganar bakin titi ce ta saurayin da ya gaji da wa'azin manya da alkawuran 'yan siyasa. Puozze passà nu guaio kuwa baƙar addu'a ce da ake yi wa wanda ya ɓata wa mutum rai.

Inda kundin ya fi ratsa zuciya shi ne waƙoƙinsa masu sanyi. Quanno chiove, "idan ana ruwa", tana magana ne a kan wata mace mai zaman kanta, ta bakin maƙwabcin da ke jin takun takalminta idan tana saukowa daga bene, babu zagi babu kuma wa'azi, sai busar Senese ta karɓe ta a ƙarshe. Appocundria ba ta kai minti biyu ba, murya ce da jita mai amon Sifaniya da ɗan kiɗan hannu. Kalmar tana nufin wani ƙuncin zuci da ke sauko wa mutum ba tare da ya san dalilinsa ba, har ya rasa abin da ke masa daɗi, kuma masu fassara sun daɗe suna fama da ita. Alleria, wadda sunanta ke nufin farin ciki, tana cikin mafi sanyin jiki a kundin. Muryar Daniele siririya ce mai fita ta hanci, ba irin ta mawaƙan Napoli na da masu cika fili ba, wannan ma ya raba shi da waɗanda suka gabace shi.

Karɓuwa

Kundin ne ya fitar da Daniele daga Napoli zuwa sauran Italiya, har a arewacin ƙasar inda ba kowa ke jin harshen ba. Ranar 27 ga Yuni 1980 ya buɗe wa Bob Marley wasa a filin San Siro na Milan. Ranar 19 ga Satumba 1981, bayan fitowar kundinsa na huɗu, Vai mo', ya yi wasa a dandalin Plebiscito na Napoli, inda aka ƙiyasta mutum kusan 200,000, ƙasa da shekara ɗaya bayan girgizar ƙasar Nuwamba 1980 da ta ɗaiɗaita yankin. Mujallar Rolling Stone ta Italiya ta sa Nero a metà a jerin kundaye 100 mafiya kyau na ƙasar.

Hanyar da ya buɗe ta kai shi ga aiki da makaɗan jaz na Amurka Wayne Shorter da Alphonso Johnson a kundin Bella 'mbriana na 1982, sannan da mawaƙi Salif Keita na Mali a kundin Medina na 2001.

Sake fitarwa

An sake fitar da kundin a 2014 da ƙarin wasu waƙoƙi, ranar 1 ga Satumba na shekarar kuma Daniele ya tara makaɗan da suka yi aikin tun farko, ciki har da Senese, suka yi wasa a Arena, tsohon filin wasa na birnin Berona. Ya rasu ranar 4 ga Janairu 2015 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 59, an kuma yi ta muhawara kan jinkirin kai shi asibiti a Roma daga gidansa na Tuskani. Senese ya rasu a Oktoba 2025.