Mece ce DWIM, kuma me ya haɗa ta da harsunan kwamfuta na barkwanci?

A wani shagon gyaran waya da ke Nima, wata unguwa a Accra ta Ghana, na fara jin kalmar. Wayata ce ta ishe ni: duk sanda na rubuta "Nima" sai ta mayar da shi "Nina", har uwargida ta fara tambayar wace ce wannan Nina. Yaron shagon, wanda ke koyon rubuta manhaja da daddare, ya tuntsire da dariya ya ce, "Kawu, ai DWIM ce ta kama ka."

DWIM gajarce jimlar Turanci ce mai ma'anar "yi abin da nake nufi", wato ba abin da yatsana ya buga ba. Warren Teitelman ne ya fito da ita a Amurka a shekarun 1960, cikin Lisp, wani harshen kwamfuta da ake rubuta wa na'ura umarni da shi. In ka yi kuskuren harafi a umarni, maimakon kwamfuta ta tsaya cak, sai ta yi hasashe ta gyara maka. Sai dai kurakuran da ta fi gwanancewa a kai irin na Teitelman ne shi kansa, har masu tsokana suka ce ma'anarta ta gaskiya ita ce "yi abin da Teitelman ke nufi". Kamar ka aiki yaro sayen koko da ƙosai, ya tarar mai koko ta tashi, ya dawo maka da waakye don shi abin da ransa ke so ke nan.

Harsunan barkwanci kuwa ta ɗaya gefen suka ɓullo: na'urar ce ke wahalar da kai da gangan. INTERCAL, wanda ɗalibai biyu na Jami'ar Princeton, Don Woods da James Lyon, suka ƙirƙira a 1972, shi ya fi ba ni dariya. Sai ka riƙa sa kalmar PLEASE, wato "don Allah". Ka yi ƙarancinta, a ƙi aikinka a ce ba ka da ladabi. Ka yawaita, a ƙi shi kuma, wai ka cika fadanci. Duk wanda ya taɓa zuwa roƙon alfarma gaban wani babba ya san wannan ma'auni.

Akwai Whitespace na 2003, wanda da giɓi kawai ake rubuta shi, shafin fari fat.

Ni dai yaron ya kashe min gyaran kalmomin, ya karɓi sidi biyar.