Ciyar da kwikwiyon manyan karnuka da ɗanyen nama

Ciyarwa da ɗanyen nama tsari ne na ba kare tsoka da ƙashi da kayan ciki ba tare da sun ga wuta ba, a maimakon busasshen abincin kanti. An fi taƙaddama a kansa idan ana maganar kwiyakwiyan manyan jinsuna irin su Great Dane, Rottweiler da Boerboel, waɗanda ƙashinsu ba ya gama ƙosawa sai sun kai wata 18, wasu ma har 24.

Tarihi

Abincin kare na sayarwa ya samo asali ne a Ingila wajen 1860, lokacin da Ba'amurke James Spratt ya fara yin biskit na karnuka. Busasshen abinci mai 'yan ƙwayoyi ya bazu a Amurka a shekarun 1950. Komawa ga ɗanye ta samu karɓuwa bayan 1993, da likitan dabbobi ɗan Ostareliya Ian Billinghurst ya fitar da littafi a kan tsarin da aka fi sani da BARF, wato ciyarwa da ƙashi da ɗanyen abinci. Hujjarsa ita ce cikin kare bai yi nisa da na kakansa kyarkeci ba. Daga baya wani reshe ya ɓulle mai kwaikwayon abin farauta: kashi 80 tsoka, 10 ƙashi, 10 kayan ciki, rabinsu hanta.

Kalsiyam da girman ƙashi

Tsoka zalla tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kuwa, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ɗan kaɗan. Kwikwiyon da ake ba ita kaɗai, jikinsa kan riƙa ɗibar kalsiyam daga ƙashinsa, har ƙashin ya yi laushi. Sai a ga ya fara ɗingishi, ƙafafun gaba sun lanƙwashe, ɗan tsalle daga kan dakali ya jawo karaya.

Cika ƙashi a kwano ma ba mafita ba ce. Kafin wata shida, hanjin kwikwiyo ba ya iya tace yawan kalsiyam ɗin da yake tsotsa. Binciken da Hazewinkel da abokan aikinsa suka yi kan kwiyakwiyan Great Dane a Jami'ar Utrecht a shekarun 1980 ya nuna yawansa na ɓata guringuntsin gaɓoɓi. Wani binciken na jami'ar ya wanke furotin daga zargin cewa yawansa ne ke ɓata ƙashi. Ƙiba da saurin girma su ne matsalar. Ƙa'idar AAFCO, ƙungiyar jami'an kula da abincin dabbobi ta Amurka, ta sa kalsiyam tsakanin kashi 1.2 da 1.8 cikin ɗari na busasshen nauyin abinci ga kwikwiyon da zai kai kilo 32 ko fiye in ya girma, tazarar da ke da wuyar kiyayewa da awon ido a ɗakin girki.

Saɓani

Masu tsarin na cewa gashi ya fi sheƙi, haƙora sun fi tsabta. Hujjar bincike a kan haka ƙalilan ce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abinci tsakanin 2010 da 2012, ta sami ƙwayar cutar Salmonella a 15, ta Listeria a 32. A 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta ba da shawarar a guje shi.