Fablet: Waya Mai Faɗin Fuska

Fablet waya ce da fuskarta ta fi ta wayar hannu ta yau da kullum girma, amma ba ta kai tablet ba. A da, duk wayar da fuskarta ta kama daga inci 5 zuwa kusan inci 7 a wannan rukuni ake saka ta. Ana auna incin ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke tsallakenta, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne.

Dell Streak mai inci 5 ta fito a 2010, amma ba ta samu karɓuwa ba. Galaxy Note, wadda Samsung ya nuna a Berlin a 2011 da fuska inci 5.3 da alƙalamin S Pen, ita ta buɗe kasuwar. Apple ya biyo sahu a 2014 da iPhone 6 Plus mai inci 5.5. Yanzu yawancin wayoyin Tecno da Infinix da ke kasuwar Farm Centre a Kano sun haura inci 6.5, har sunan ya fara ɓacewa.

Yawan inci ba shi ke nuna wahalar riƙo ba, faɗin jikin wayar ne. Note ta farko faɗinta ya kai milimita 83, alhali wayar yau mai inci 6.7 doguwa ce siririya, faɗinta bai cika wuce milimita 78 ba. Sai dai tsawon ya kawo tasa matsalar: babban yatsa ba ya kai wa saman fuskar, kuma a garin miƙa shi ne waya ke suɓucewa ta faɗi. Maganinsa yanayin hannu ɗaya, wanda Android 12 ya shigo da shi: a kunna shi a saiti, a ja yatsa ƙasa daga gindin fuskar, sai samanta ya sauko. Allon rubutu na Gboard ma ana iya tsuke shi zuwa dama ko hagu. Raba fuska gida biyu kuwa, wanda ya zo da Android 7 a 2016, a nan ne girman ke biyan kuɗinsa, mutum na karanta takarda a sama yana rubutu a WhatsApp a ƙasa.

Fuskar ce ta fi komai cin batir, musamman a rana idan haske ya kai ƙarshe, shi ya sa ake haɗa irin waɗannan wayoyi da batir mai 5,000 mAh. Aljihun baya ba wurinta ba ne. Zama a kanta na lanƙwasa jikinta, abin da aka yi ta kuka da shi kan iPhone 6 Plus, kuma lanƙwasar na iya tsinka haɗin fuska da injin ciki har taɓawa ta daina aiki. Gilashin kariya da riga mai kaurin kusurwa sun fi canjin fuska araha nesa ba kusa ba.